Ciko Ne, Ba Gyara Ba: Mu Ƙwato Kalmar "Parascolaire" Daga Hannun Masu Ci Da Ita



Shekarar karatun da ta wuce, cikin watan Oktoba, na je biya ma ɗana kuɗin karatu a wata lakwal mai zaman kanta a nan cikin gari. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ita kaɗai ke wanga aiki ba. Aka miƙo mini takarda. Kuɗin rajista, na gane. Kuɗin karatu, na gane. Kuɗin riga, na gane. Sai ga layi na huɗu an rubuta da Faransanci: "activités parascolaires", jika biyar. Na ce ma mai karɓar kuɗin, "Malam, wanga fa na mine ne?" Ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Na wasanni ne, Alhaji. Kowa na biya." Akwai mutane a bayana cikin layi, rana ta take, na ji kunyar jan magana. Na biya.

Wata tara yaron ya yi yana zuwa yana dawowa. Ban ga ya zo da ganyen salati ko ɗaya daga lambun lakwal ba, don babu lambun. Ban ji an ce yau suna da ƙwallo da wata lakwal ba. Ban ji yana haddar wani wasan kwaikwayo ba. Sai a watan Yuni, da yamma guda, aka yi hayar kujerun roba da lasifika, aka saki kiɗa, aka raba lemo, kuma sai da aka sake cewa kowane yaro ya kawo jika guda na rigar biki. Ke nan. In lakwal na da yara 400, kowane ya ba da jika biyar, ku lissafa: miliyan 2 na sefa ke nan. Kujerun roba nawa ake haya da miliyan 2? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba kuɗin ne suka sa ni rubutu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kalma guda, wadda yawancinmu ba mu san ma'anarta ba, ta zama rumfar da kowa ke fakewa a ciki. Mai son kuɗi ya fake, malamin da ke sayar da darasi ya fake, mu iyaye ma mun fake. Yaron da aka yi kalmar dominsa shi kaɗai aka bari a rana.

To bari mu fara da ma'anar, tun da matambayi ba ya ɓata.

"Scolaire" na nufin abin da ya shafi lakwal. Masu harshen sun ɗora masa kai uku, kowane da aikinsa. "Périscolaire" shi ne abin da ke kewaye da lokacin aji a ranar karatu: kula da yara da safe kafin a shiga, da rana lokacin cin abinci, da yamma bayan an tashi. A Faransa galibi ma'aikatar magajin gari ce ke ɗaukar nauyinsa. "Extrascolaire" shi ne abin da yaro ke yi a wajen lakwal gaba ɗaya, ranakun da babu karatu da lokacin hutu. Shi kuwa "parascolaire", wanda aka rubuta mini a takarda, shi ne aikin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da karatu, yana cika shi, amma ba ya cikin jerin darussan da ake yi ma jarabawa: lambu, ƙwallo, guje-guje, wasan kwaikwayo, muhawara, jaridar ɗalibai, ƙungiyar tsabta, koyon aikin hannu.

Kun ga ke nan kalmar ba ta da laifi. Mu ne muka karya mata wuya, kuma ta hanya uku muka yi shi.

Ta farko ita ce wadda na faɗa: an mai da ita sunan kuɗin da ba a son a tambayi inda ya shiga. Da an rubuta "kuɗin lambu" da Hausa, ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta leƙa ta katanga ta ce, "To ina lambun?" Amma da yake an rubuta da dogon Faransanci, sai uba ya ji nauyin nuna bai gane ba, ya zaro kuɗi ya yi shiru. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wasu sun gane cewa a cikin wanga duhu akwai abinci.

Ta biyu ita ce kur. Kowa ya san kur: darasin da malami ke sake yi da yamma ko ranar Asabar, a biya shi daban. Yanzu wasu sun fara lulluɓe shi da wanga suna, su ce ai shi ma aikin bayan aji ne. Na sani, a kantunan littattafai na Faransa ana kiran littattafan bita na gida da sunan "parascolaire", don haka mai son gardama yana da ɗan abin kamawa. Amma mu yi ma kanmu adalci. Yaron da ya wuni a kan benci yana kwafar lissafi, aka tashi, ya koma kan bencin nan dai, gaban allon nan dai, da malamin nan dai, yana kwafar lissafin nan dai, mi aka cika masa? An ƙara masa zama ne kawai. Wanda ubansa ba ya da jika biyu ko uku a wata kuma, shi ya koma gida, gobe a yi tambaya a aji a kan abin da aka bayyana a kur, a ce ba ya da ƙoƙari. Ban jahilci halin da malamai ke ciki ba, musamman ƴan kwantaragi da abin da suke samu ba ya kai su ƙarshen wata. Mai son yin kur ya yi, iyayen da ke so su biya. Amma a kira shi da sunansa: bita ce, maimaicin darasi ne. Kada a ari rigar wani a sa masa.

Ta uku ita ta fi yi mini ciwo, don a bakinmu take. Mun fassara kalmar da "wasa". Kuma kun san matsayin wasa a kunnen Bahaushe. Wasa shi ne abin da ake cewa yaro ya bari. "Bar wasa." "Ba wasa ya kawo ni ba." "Ya ɗauki abin da wasa." Da zarar ka sa ma abu suna wasa, ka riga ka yanke masa hukunci.

Ga abin da na gani da idona. Ɗiyar maƙwabcina tana kolej. Yarinya ce mai kaifin baki, in ta karanta rubutu da ƙarfi sai ka tsaya ka saurara. Malamarsu ta zaɓe ta cikin ƴan wasan kwaikwayo da za su yi faɗakarwa a kan kwana cikin gidan sauro, ta ba ta takarda ta kai gida a sa hannu. Uban ba ya karanta Faransanci, ya miƙa ma yayanta. Yayan ya duba sama-sama ya ce, "Baba, wasa ne za su riƙa tsayawa yi in an tashi." Uban ya ce, "Wasa? Na kai ta lakwal ta yi wasa?" Magana ta ƙare. Kuma yarinyar nan dai, da aka ce ba za ta tsaya awa guda cikin lakwal gaban malamarta ba, ita ce ake ɗora ma faranti tun la'asar ta tafi tasha da tallar gyaɗa, ba ta dawowa sai an kira isha'i. Daga baya muna zaune ƙofar gida na bayyana masa abin da takardar ta ƙunsa. Ya yi shiru, ya ce, "Wallahi Malam, da sun ce mini koyon magana gaban jama'a ne, da na bari. Mu wasa anka ce muna." Lokacin kuwa an riga an ba wata gurbin.

Kun ga aikin kalma guda.

Sai wani ya ce, to ai masu rediyo da masu fassara suna cewa "ayyukan wajen makaranta" ko "ayyukan bayan makaranta", mi ya hana mu riƙe su? Mu duba su ɗaya-ɗaya.

"Wajen makaranta" harshe biyu gare ta. In na ce "na gan shi wajen makaranta", ina nufin a kusa da ita. In na ce "yana wajen makaranta", ana iya jin cewa ba ya cikinta. A rubuce babu mai raba maka su. "Bayan makaranta" kuma ta fi muni. Bayan an tashi ne, ko bayan ginin? Duk wanda ya yi lakwal ya san abin da ake zuwa yi bayan katanga.

Akwai kuma babbar matsala da ta fi waɗannan. A nan ƙasar, in tsoho ya ce "makaranta", ta allo yake nufi. Ta boko lakwal ce. Yaron da ya tashi da asuba ya ɗauki allonsa, ya biya karatu gaban malam, sannan ya rataya jaka ya tafi lakwal, da yamma ya koma islamiyya, yaushe ne yake "wajen makaranta"? Bai taɓa fita ba. Faransanci ya kafa lakwal a tsakiya, ya ce duk sauran abin da ke cikin rayuwar yaro "waje" ne. In muka kwaso wanga tunani muka juye shi cikin Hausa ba tare da tacewa ba, to da bakinmu mun ce karatun Alƙur'ani abin gefe ne. Babu uban da zai yarda da haka, kuma yana da gaskiya.

Sannan in muka ce duk abin da yaro ke yi a waje ya shiga cikin sunan, to talla ta shiga, ɗebo ruwa ya shiga, daka da raino sun shiga, zaman fada ana dafa shayi har tsakar dare ma ya shiga. Ba na zagin aiki. Hutun da ake yi daga Yuli zuwa Satumba ya faɗa daidai damina, kuma yaron da ya bi ubansa gona ya koyi shuka da noma da girbi ya samu ilimin da babu shi a allo. Wanda ya zauna gun tela ko maƙeri ko mai gyaran babur haka nan. Amma akwai bambanci tsakanin aikin da ke gina yaro da aikin da ke cinye shi. Sunan da ya kasa raba waɗannan biyu bai yi mana amfani ba.

Abin takaici shi ne, ba baƙon abu ba ne gare mu. Waɗanda suka yi firamare a shekarun baya sun tuna da APP, darasin ayyukan hannu da na samarwa, inda kowane aji ke da ɗan filinsa, a shuka, a yi ban ruwa, a sayar, kuɗin su shiga asusun haɗin gwiwar ɗalibai. Sun tuna gasar wasanni da al'adu tsakanin lakwal da lakwal. Manyanmu sun tuna Samariya a zamanin Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasa daga 1974 zuwa 1987. Kowa ya san gwamnati ta yi amfani da ita don siyasarta, amma kowa ya san kuma matasa sun yi gayya sun gina azuzuwa, sun yi wasan kwaikwayo da waƙa a bikin matasa na ƙasa. Ranar 3 ga Agusta da muke dashen itace, yara nawa ne suka fara riƙe dashe a hannunsu ta dalilin malaminsu?

Ku dubi waɗanda suka ɗaga sunan ƙasar nan. Yazi Dogo, da wasan kwaikwayonsa na Hausa ya shiga kowane gida ta rediyo da talabijin, malamin lakwal ne tun farko. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ke da su, ɗaya ta tagulla ce da Issaka Daboré ya ciyo a dambe a Munik a 1972, ɗaya ta azurfa ce da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo a taekwondo a Riyo a 2016, kuma a 2017 ya zama zakaran duniya. Gasar kokowa ta takobi da aka fara a Tahoua a 1975, har yau in ana yin ta gari na tsayawa cik. Duk waɗannan, a bakin yayan yarinyar nan, "wasa" ne. Muna tafa ma zakara in ya dawo da lamba, muna zane ɗan da ya ce zai tsaya horo da yamma. Ina ake son zakaran gobe ya fito?

Ita kanta dokar ilimi ta ƙasa ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ba ta ce ilimi a cikin aji kawai yake ba. Ta ambaci wanda ake samu a lakwal, ta ambaci wanda ake samu a tsare amma ba a lakwal ba, ta ambaci wanda mutum ke tsinta a zaman yau da kullum cikin iyali da jama'a. Kuma tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To harshen ƙasa da bai da sunan abin da iyaye ke biyan kuɗinsa kowace shekara, akwai sauran aiki a gabansa. In ba mu raɗa suna ba, wani zai raɗa mana, kuma zai raɗa wanda ya dace da aljihunsa.

Ni ga tawa shawara: mu kira shi "cikon ilimi".

Duk wanda ke zuwa kasuwa ya san bambancin ciko da gyara. In ka sayi tiyar hatsi, mai awo ya ɗan ƙara maka a kai, wannan gyara ce. Ya ga dama ya ba ka, ya ga dama ya hana, ba ka da bakin magana. Amma in ya auna tiyar ba ta cika ba, abin da zai zuba har ta kai baki, ciko ne. Haƙƙinka ne. In ya hana ka, ya tauye mudu. Shekaru da yawa muna ɗaukar lambu da ƙwallo da muhawara a matsayin gyara, abin da lakwal za ta yi in ta ga dama. Alhali yaron da ya ci jarabawa amma ba ya iya tsayawa gaban mutum goma ya yi magana, ba ya iya aiki da abokansa ba tare da faɗa ba, bai taɓa shuka abu ya jira shi ya fito ba, bai taɓa shan kaye ya miƙa ma wanda ya ka da shi hannu ba, wanga yaro tiyarsa ba ta cika ba.

Na san wani zai yi dariya ya ce, "Ciko? Kamar cikon benci?" A'a. Cikon benci shi ne wanda aka zaunar don a ce an cika, kamar dai bikin kujerun roban da aka yi mana a watan Yuni. Don kada a sake yi mana irinsa, ga ma'auni uku da kowane uba da kowace uwa za su iya riƙewa. Na ɗaya, yaron ne ke yi da hannunsa ko bakinsa ko jikinsa, ba kallo yake ba, ba kwafa yake ba. Na biyu, akwai babba sananne da ke kula, da rana sananniya, da lokacin farawa da na tashi. Na uku, ba maimaicin darasin jarabawa ba ne. Abin da ya cika ukun nan, cikon ilimi ne. Abin da ya kasa, a nema masa wani suna.

Akwai masu cewa, "Haba, ƙasar da yara ke karatu cikin rumfar kara, a zaune a ƙasa, ita ce za a yi ma maganar lambu da ƙwallo?" Na ji, kuma gaskiya ce mai ɗaci. Amma ku gaya mini kuɗin muhawara nawa ne. Inuwar dogon yaro da malami guda mai niyya, shi ke nan. Langa da dara da guje-guje ba sa son ko dala. Wasan kwaikwayo, tsohon zane da gemun auduga sun isa. Lambu ne ke son ruwa da shinge, kuma a lakwal ɗin da ake karɓar jika biyar a kan kowane kai, kada wanda ya ce mini babu kuɗin bokiti da iri. Lakwal ta gwamnati da ba ta karɓar komi ana iya yi mata uzuri. Wadda ta karɓa ba ta da shi.

Akwai kuma masu tsoron tarbiyya, musamman ta ƴaƴa mata. Tsoronsu ba na banza ba ne, don an sha ganin abin da bai dace ba da sunan biki. Maganinsa shi ne ma'auni na biyu: a san wa ke kula, a san ƙarfe nawa ake tashi, mata su samu malama mace, ƙofa ta zama a buɗe ga uwar da ke son zuwa ta gani. Uban da ya damu da tarbiyyar ɗiyarsa ya auna da kansa: awa guda a gaban malama cikin lakwal, ko awa huɗu a tasha da faranti a kai.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar izinin minista.

Diraktoci da masu lakwal: in za ku karɓi kuɗin nan, ku rubuta da Hausa a ƙarƙashin Faransancin, ku jera abin da za a yi da sunansa. Lambu, ranar kaza. Ƙwallo, ranar kaza. Muhawara, malam wane. A ƙarshen shekara ku karanta lissafi gaban iyaye. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ƙungiyar iyayen yara da kwamitin kula da lakwal: wanga aikinku ne tun farko. Ba don zaman taron farkon shekara da shan lemo aka zaɓe ku ba. Ku nemi lissafin.

Malamai: in za ku aika takarda gida, ku tuna wanda zai karanta ta. Ku ce ma yaro ya gaya ma babansa "koyon magana gaban jama'a", "koyon aikin lambu", "motsa jiki". Kada ku bar fassara a hannun yayan da ke sauri ya tafi fada.

Ƴan jarida da masu gabatar da shiri a rediyo: bakinku ne ke raɗa ma abubuwa suna a ƙasar nan. In "cikon ilimi" bai yi muku ba, ku kawo wanda ya fi shi, zan karɓa da hannu biyu. Amma ku daina cewa wasa.

Mu kuma iyaye, mu cire kunya. Ni na ji kunyar tambaya, ta ci mini jika biyar. Maƙwabcina bai tambaya ba, ɗiyarsa ta rasa gurbin da wataƙila da shi ne zai buɗe mata hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun nan na yara ba sa jiran kowa.

Oktoba na tafe. Za a sake miƙo mini takardar nan, na san layi na huɗu yana nan. Wanga karo ko layin ya kai bakin titi, sai na ce, "Malam, na ga kuɗin ciko. Nuna mini tiyar."

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba malamanmu ladan wahalarsu. Wassalam.